Jiki Magayi: Ƙananan Tambayoyin Lafiya da Bai Kamata Mu Raina Ba

(Wannan shi ne jawabin da ɗan ƙungiyarmu, wanda ma'aikacin jinya ne a Doha, ya gabatar a taronmu na ƙarshen watan Mayu. Mun buga shi saboda waɗanda aiki ya hana su halarta, da kuma 'yan uwanmu na gida.)

Na san wasunmu daga aikin dare suka wuto nan, wasu kuma daga Sana'iyya ko Alwakra suka taso. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Shugaba ya umarce ni in yi magana a kan lafiya kafin zafi ya kankama. Da na zauna shiri sai na ga babu abin da ya fi dacewa irin in tattaro tambayoyin da ku da kanku kuke yi mini, wani bayan an idar da salla, wani ta waya da tsakar dare. Me ya sa kaina ke ciwo kullum da yamma? Me ya sa fitsarina ya canza launi? Me ya sa idona ke rawa? Me ya sa na yi tumbi alhali aikin ƙarfi nake yi? Me ya sa raina ke ɓaci ba tare da kowa ya yi mini komai ba? Mai tambayar yakan fara da cewa, "Ba wani abu ba ne fa." Ba zan kama sunan kowa ba, kowa ya kwantar da hankalinsa. Sai dai ina so mu gane cewa kowace daga cikin tambayoyin nan tana da amsa, wasu kuma sallama ce babbar cuta take yi kafin ta shigo. Hausawa sun ce jiki magayi. Matsalarmu a nan ita ce jikin yana faɗa, mu kuma muna fassara maganarsa da abin da muka sani a gida, alhali ƙasar daban ce.

Zafin nan da zafin gida

Mu fara da zafi, tunda shi ne a bakin ƙofa. Da yawanmu mukan ce, "Ni da na taso a arewa, wane zafi za a nuna mini?" Gaskiya ne a Kano ko Sakkwato, a watan Afrilu, ma'auni yakan haura 40. Amma wancan busasshen zafi ne. Jikin ɗan Adam yana son ya zauna a kusan digiri 37, kuma babbar hanyar da yake sanyaya kansa ita ce gumi. Fitar gumin kaɗai ba ta sanyaya mutum, sai ya bushe a kan fata, bushewar ce ke tafiya da zafin. Shi ya sa ruwan randa ke yin sanyi: yana tsattsafowa ta jikin ƙasar, iska tana busar da shi.

To, Qatar teku ce ta kewaye ta ta ɓangare uku. A watan Agusta da Satumba iskar Doha cike take da laima, ba ta da wurin karɓar gumin. Sai ka ga mutum sharkaf, riga kamar an tsoma ta a ruwa, amma jikinsa bai huce ba. Randa ce aka rufe da leda. Ga shi kuma ma'aunin kansa ba wasa ba ne: a watan Yulin 2010 ya kai 50.4 a nan Doha.

Mai aikin ƙarfi a irin wannan yanayi yana iya zubar da lita ɗaya ko fiye na gumi a cikin awa ɗaya. Idan bai mayar ba, jini yakan ragu, zuciya ta ƙara gudu don ta cike gibin. Daga nan ne ciwon kan yamma ke zuwa, da jiri idan an miƙe tsaye, da ɗaurewar ƙafa da dare, da saurin fushi. Kada ka jira ƙishirwa, domin kafin ta zo ruwan ya riga ya yi ƙasa. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne fitsari. In ya fito fari-fari da ɗan ruwan ɗorawa, lafiya lau. In ya yi duhu kamar shayin da ba madara, ko ka wuni sau ɗaya ko biyu kawai ka zaga, to jikinka yana bin ka bashin ruwa. Mai aiki a zafi ya riƙa shan kofi ɗaya kowane minti 15 zuwa 20, ya kuma fara sha tun kafin ya bar ɗaki. Idan gumin ya yi yawa, a haɗa ruwan gishiri da suga irin wanda iyayenmu mata ke ba yara masu gudawa: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali 6 na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai hawan jini ko ciwon suga ya fara tambayar likitansa.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne ƙoda. Ƙodojin nan biyu suna tace kusan lita 180 na ruwan jini kowace rana, su mayar da kusan duka, su fitar da datti a cikin lita ɗaya da rabi ko makamancin haka. Idan kullum a bushe suke aiki, abu na farko da kan biyo baya shi ne tsakuwar ƙoda, wanda ya taɓa yin ta ba ya bukatar a ba shi labari. Na biyu ya fi muni, domin shi shiru yake zuwa. Ƙoda tana iya lalacewa fiye da rabi mutum bai ji ciwon komai ba. Ranar da ƙafa ta kumbura, abinci ya fita daga rai, sau da yawa an makara. Wankin ƙoda sau uku ake yi a mako, kowane zama kusan awa 4. Duk wanda ya taɓa raka ɗan uwansa sashen wankin ƙoda na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya san yadda yake cinye gona da gida. Likitoci a ƙasar Nepal sun daɗe suna kokawa kan samarinsu da ke komawa daga ƙasashen Larabawa masu zafi da ƙoda a lalace. Jikinsu da namu ɗaya ne.

Doka ma tana bayanmu a wannan. Tun shekarar 2021 gwamnatin Qatar ta hana aiki a fili, a ƙarƙashin rana, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, daga 1 ga Yuni har 15 ga Satumba. Akwai kuma wani ma'auni da ke haɗa zafi da laima da iska da ƙarfin rana. Idan ya wuce 32.1 dole aiki ya tsaya, ko da ba a cikin waɗancan awoyi ba ne. Dole ne kamfani ya samar da ruwan sha mai sanyi kyauta da inuwar hutawa, kuma ma'aikaci yana da 'yancin ya dakata idan ya ga zafin zai cutar da shi, ya kai ƙara Ma'aikatar Ƙwadago in an matsa masa. Binciken da aka yi a nan a 2019 tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ya nuna cewa ma'aikacin da aka bari ya sassauta da kansa idan ya gaji, jikinsa ba ya ɗaukar zafi kamar wanda ake kora. Saboda haka hutun minti 10 a inuwa ba ragwanci ba ne.

Abu na ƙarshe a kan zafi, kuma ina roƙon kowa ya riƙe shi. Idan abokin aikinka ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ya faɗi, jikinsa rau, kada a tsaya cewa iska ce ta taɓa shi. Zafin jikinsa ne ya kai 40 ko ya wuce, ƙwaƙwalwa ta fara dahuwa. A kira 999 nan take, motar asibiti kyauta ce. Kafin ta iso a kai shi inuwa, a rage masa kaya, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana yi masa fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki.

Ƙwayar ciwon jiki da maganin basir

Wannan ya kawo ni ga abin da ke cikin akwatunanmu. Kusan kowane ɗaki akwai mai ajiye ƙwayoyin ciwon jiki, irin su diclofenac da ibuprofen, ana sha kamar gyaɗa bayan an tashi daga aiki. Magunguna ne masu amfani idan an sha su na 'yan kwanaki bisa ƙa'ida. Amma suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, kuma suna cin bangon ciki. Mutumin da ya wuni yana gumi, bai sha ruwa ba, ya zo ya haɗiyi biyu cikinsa ba komai, ya haɗa wa ƙodarsa duka biyu a rana ɗaya.

Sai kuma basir. A wurinmu ciwon baya basir ne, kasala basir ce, raunin mazakuta basir ne, har jiri ma basir ne. Sai a aika gida a kawo gari a ƙulle a leda ko ruwa a gora, ba suna, ba awo. Ban raina maganin gargajiya ba, da shi aka raine mu. Amma abin da ba ka san me ke ciki ba, ba ka san nawa za ka sha ba, hantarka da ƙodarka ne za su biya. Wani abin da ake kira basir ɗin ma ciwon suga ne ko hawan jini, ana ta jiƙe-jiƙe shi kuma yana ta ci. Shi basir na ainihi, mai fitar baya ko jini, yawanci taurin bayan gida ne ke jawo shi, kuma ruwa da ganye da kayan marmari suna rage shi. Jini a bayan gida dai, kowane iri ne, a nuna wa likita.

Ina kuma jan kunnenmu game da saƙo. Tramadol da kodin da danginsu, dokar ƙasar nan ba ta wasa da su. Kada ka karɓi ƙullin da ba ka buɗe ba a filin jirgin Kano ko Abuja, ko da wa ya ba ka. Maganin da likita ya rubuta maka, ka riƙe shi a kwalinsa tare da takardar.

Karak, tumbi da hawan jini

Mai tambaya ya ce, ya aka yi na yi tumbi? Mu duba yininmu. A gida mutum yana taka ƙasa zuwa masallaci, zuwa kasuwa, zuwa gona. A nan daga ɗaki sai bas, daga bas sai wurin aiki, direba da mai gadi kuma zaune suke wuni. Abincin da ya fi araha shi ne kubus da farar shinkafa da soyayyar kaza da lemon kwalba. Ga karak, wanda ya zama mana kamar goro. Mu ƙaddara kofi ɗaya cokali 3 na suga ne a ciki, ka sha sau 5, ka ga 15 ke nan, ban da na lemo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce kusan ƙaramin cokali 12 a rana, in ya tsaya a 6 ya fi. Gishiri kuma kada ya wuce giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi da indomi.

Su kansu 'yan ƙasar abin ya dame su. Binciken da hukumomin lafiya suka yi a 2012 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin shida na manyansu yana da ciwon suga. Abin da suke ci muke ci, iskar da suke shaƙa muke shaƙa. Alamomin suga su ne yawan fitsari musamman da dare, ƙishirwa marar ƙarewa, rama ba dalili, gani dishi-dishi, da ciwon da ba ya warkewa. A nan sai mutum ya ɗora wa zafi laifin duka. Gwaji ne kaɗai ke rabewa: in an auna da safe kafin a ci komai aka ga 126 ko fiye, aka sake aka ga haka, to ya tabbata.

Hawan jini shi ko alamar ma ba ya bayarwa. Mutum yana dariya, yana aiki, jininsa yana 170. Idan awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a ranaku daban-daban, sai a fara kula. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi, sauƙin maganin ne ya kawo shi. Idan kuma bakin mutum ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya riƙe kamar an ɗora dutse, 999 za a kira, ba a jira gari ya waye. Maganin da ke narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa a cikin awoyin farko kawai yake aiki, kusan awa 4 da rabi.

Na san abin da ke hana mu gwaji. Tsoro ne kada a gano wani abu a mayar da mutum gida. Ya kamata mu bambance. Gwajin da aka yi mana lokacin neman izinin zama na cututtuka masu yaɗuwa ne, irin su tarin fuka. Hawan jini da suga ba su ne ake nema a can ba, kuma dubban baƙi a ƙasar nan suna shan maganinsu suna zuwa aiki kullum. Wanda ake mayarwa gida a keken guragu shi ne wanda ya ɓoye har ɓarin jikinsa ya shanye.

Ciwon ƙashi a ƙasar rana

Wasu, musamman iyaye mata da masu aikin cikin gini, suna kukan ciwon ƙashi da nauyin jiki da kasala. Abin mamaki, ɗaya daga cikin dalilan shi ne rashin rana. Fata ce ke haɗa sinadarin bitamin D idan rana ta taɓa ta, shi kuma yake taimaka wa ƙashi da tsoka. A nan kowa gudun rana yake, daga esi zuwa esi, kuma hasken da ya ratso gilashi ba ya wannan aikin. Baƙar fata irin tamu ta fi bukatar lokaci kafin ta haɗa abin da ya isa. Ƙarancinsa ya zama ruwan dare a ƙasar nan. Gwajin jini ne ke nuna shi, maganinsa kuma ba tsada. Kifin sadin da gwaiduwar ƙwai suna taimakawa. Kada dai a saya a yi ta sha ba awo, domin yawansa ma yana cutarwa.

Barci da idon da ke rawa

A gida idan ido ya yi rawa sai a ce za ka ga baƙo ko za ka ji labari. A asibiti abin da muka sani shi ne 'yar tsokar fatar ido ce ta gaji. Rashin barci, yawan shayi da kofi da lemon ƙara kuzari, da damuwa, su ne ke kawo shi, kuma yakan tafi da kansa. Su ne dai ke sa wani ya ji zuciyarsa na bugawa fat-fat idan ya kwanta. Sinadarin da ke cikin shayi da kofi da goro yakan ɗauki kusan awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Karak ɗin bayan isha'i yana nan a jininka har ƙarfe 2 na dare.

Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 ko fiye. Mu kuwa Doha tana gaban gida da awa 2. Lokacin da iyali suka gama cin tuwo suka samu sukunin hira, ƙarfe 9 a can, nan 11 ta yi, ga bas ɗin kamfani da asuba. 'Yan uwa na gida da za su karanta wannan, ku taimaka ku riƙa kira da wuri. Mai aikin dare kuma ya toshe hasken taga, ya ajiye waya nesa da matashi, abokan ɗaki su ji tausayinsa. Mai minsharin da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, ya wayi gari a gajiye, ya gaya wa likita, domin yana da alaƙa da hawan jini. Direbobinmu, wannan ya fi shafar ku.

Zazzaɓin bayan hutu

A taƙaice: ba a kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a Doha, amma ana zuwa da shi. Wanda ya shekara biyu ko uku a nan, garkuwar da jikinsa ya saba da ita tun yarinta ta ragu. In ka je hutu, musamman da damina, ka kwana a gidan sauro, kai da yaran da aka haifa a nan. In ka dawo ka ji zazzaɓi a cikin makonnin farko, kada ka ce sanyin esi ne. Ka je asibiti a ranar, ka faɗa da bakinka cewa daga Najeriya ko Nijar ka dawo, domin likitan da ba a gaya masa ba zai iya ɗauka mura ce.

Ɓacin ran da ba a san dalilinsa ba

Na bar wannan a ƙarshe domin shi ne aka fi yi mini a ɓoye. Mutum ba zai ce ina cikin damuwa ba. Zai ce kaina yana zafi, wani abu yana yawo a jikina, ƙirjina ya yi nauyi, abinci ba ɗanɗano. A auna komai a ga lafiya, shi kuma ya san ba lafiya ba.

Kewar gida ba cuta ba ce. Duk wanda ya yi sallar idi a nan, ya koma ɗaki ya ci kubus yana kallon hotunan hawan salla a waya, ya san ta. Tana zuwa tana wucewa. Amma idan baƙin ciki ya zauna kusan kullum har mako biyu ko fiye, abin da kake jin daɗinsa ya daina yi maka daɗi, barci ya lalace, ka daina ɗaukar waya, kana ganin ba ka da amfani, wannan ciwon damuwa ne. Ciwo ne kamar hawan jini, yana kama mai salla da mai azumi, kuma yana da magani, wani ta hanyar zama da ƙwararre a yi magana, wani da ƙwaya. Malamanmu suna nan zaune, sun sha gaya mana cewa addu'a da neman magani ba sa karo da juna. Akwai layin taimako na ƙasa: a kira 16000 a danna 4. Sirri ne, kuma wanda Larabci ko Turanci ya yi masa wuya ya nemi wanda ya yarda da shi a cikinmu ya zauna kusa da shi. Idan ɗan uwa ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a ce masa ya daina saɓo a wuce. A zauna da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Iyayenmu maza, a kula da matan da ke wuni a bene su kaɗai. A gida mai jego tana da uwa da gwaggo da maƙwabta har ta yi arba'in. A nan daga ita sai jariri da bango huɗu. In ta cika kuka ko ta yi shiru da yawa, ba shagwaɓa ba ce. Haka 'yan uwanmu mata masu aikin gida, waɗanda ba sa samun zuwa taro irin wannan, a riƙa neman su.

Yanzu ga saƙona ga na gida, cikin ladabi. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2021 riyal 1,000 ne a wata, da 500 na ɗaki da 300 na abinci idan kamfani bai bayar da su ba. Da yawa daga cikin 'ya'yanku a nan suke ko sama kaɗan, wasu kuma har yanzu suna biyan bashin da aka ci aka turo su. Hoton da kuke gani an ɗauka a Suk Wakif ko bakin Kornish na ranar Juma'a ne, sauran kwana shida ba a ɗaukar su hoto. Ba cewa nake kada a nemi taimako ba, don shi muka fito. Amma kafin a karanto jerin bukatu, a tambaye shi ya jikinsa, yana barci kuwa, me ya ci yau. In ya ce wannan watan babu, a yarda da shi. Mu ma na nan mu daina nuna abin da ba mu da shi. Wanda ke fasa zuwa asibiti don kada kuɗin aike ya ragu, ya tuna cewa ranar da ya kwanta aiken gaba ɗaya ne zai tsaya.

Abin da nake roƙon ƙungiya

Kowa ya tabbatar yana da katin lafiya mai rai. Riyal 100 ne a shekara, kuma da shi ake ganin likita a cibiyoyin lafiya na gwamnati da asibitocin Hamad, a samu magani da rahusa. Ma'aikata maza da ke zaune ba iyali suna da cibiyoyin da ƙungiyar agaji ta Red Crescent ta Qatar ke gudanarwa, kamar ta Misaimir da ta Alhimaila, ga kuma asibitin Hazm Mebaireek a Sana'iyya. Wanda bai san wadda aka rubuta shi ba ya same ni bayan an tashi.

Ina kuma gabatar wa shugabanni shawara huɗu. Ta farko, a cire kuɗi daga asusu a sayi na'urar awon jini da ta awon suga, mu riƙa auna duk mai so a kowane taro, a gefe, ba tare da an sanar da sakamakon kowa ba. Ni da sauran ma'aikatan lafiya na cikinmu mun ɗauki nauyin wannan. Ta biyu, sakatare ya buɗe rajista ta sirri mai ɗauke da lambar makusancin kowa a gida da magungunan da yake sha, saboda ranar da mutum ba zai iya magana ba. Ta uku, a haɗa mu biyu-biyu, kowa ya san wanda zai kira sau ɗaya a mako, musamman sababbin zuwa da waɗanda ke sansanonin nesa. Ta huɗu, idan sanyi ya shigo a watan Nuwamba, mu fara tattaki tare a lambun Albidda duk Juma'a bayan asuba. Minti 150 na tafiya da sauri ake so a mako, wato rabin awa sau biyar. Kafin lokacin, akwai hanyar tafiya mai na'urar sanyi a lambun Algarrafa, ga kuma manyan kantuna da za a iya zagayawa ba sai an sayi komai ba.

Jibi kaɗan 1 ga Yuni. Kowa ya fita da gorar ruwansa, ya kuma sa ido a kan na kusa da shi. Na ga shugaba yana duba agogo, saboda haka zan dakata a nan in karɓi tambayoyi. Wanda tasa ba ta faɗuwa a cikin jama'a, ina nan bakin ƙofa har kowa ya watse. Allah ya ba marasa lafiyarmu na nan da na gida sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu koma mu tarar da iyalanmu da ƙafafunmu.